Baƙo a soro yake tsayawa

'Ya'yana, a Katsinar da muka tashi, baƙo komai girmansa a soro yake tsayawa, ya yi sallama, a turo yaro ya ji wa ake nema. Yanzu sai ka ga magidanci ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, amma hotunan iyalinsa da lambar asusunsa da hirar da ya yi da maiɗakinsa duk suna cikin waya, wayar kuma duk wanda ya miƙo hannu ya samu.

Kun ji labarin Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila, wanda WhatsApp ya maka a kotu a 2019 kan kutse a wayoyi kusan 1,400. Wannan tarkon 'yan jarida ne da 'yan siyasa, kuɗinsa ma sai gwamnati. Mai shago a Ƙofar Ƙaura ba da shi za a kama shi ba, da bakinsa zai ba da kansa.

Kira ne zai shigo, murya mai ladabi, har da "ranka ya daɗe". Mai kiran ya ambaci ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai, ya ce akwai taro bayan isha'i, an turo maka lambobi shida, karanto ya sa sunanka. Kana gama karantowa WhatsApp ɗinka ya zama nasa. Kafin la'asar ya bi danginka ɗaya bayan ɗaya, wai kana asibiti, a taimaka da dubu ashirin. Wani dattijo a unguwarmu sai da ya bi gida-gida yana ba da haƙuri kan kuɗin da ko ganinsu bai yi ba. Maganin bai kai shan shayi daɗewa ba: a shiga saitin WhatsApp, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa lambar sirri wadda ba ranar haihuwa ba. Lambar da aka turo maka kuwa, ko mai kiran ya rantse daga banki yake, kada ta fito daga bakinka. Banki ba ya tambayarta.

Sai masu ba da bashi ta waya. Dubu goma, ba jingina, ba shaida. Ashe jinginar ita ce "na amince" ɗin da ka danna ba ka karanta ba, ka ba su sunan kowa da ke wayarka. Ranar da ka makara, surukinka da limaminku za su wayi gari da saƙo cewa kai macuci ne. Hukumar FCCPC ta kai wa wasunsu samame a Legas a watan Maris 2022, Google ma ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna a 2023. To amma manhajar da aboki ya tura maka ta Xender ba ta bi ta hannun Google ba. Haka GB WhatsApp ɗin nan da samari ke rububi don ganin saƙon da aka goge. Ba ka san wa ya ƙera ta ba, ba ka san ina take kai maganarka ba.

Ku 'yan mata, idan gilashin waya ya fashe, ku cire layi da memori kafin ku bar ta wurin mai gyara, ku zauna a yi aikin a gabanku in da hali. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma yaran shagon fa? Wanda kuma ya ari waya "zan ɗan yi kira", bayan ya tafi a duba jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp, in an ga baƙuwa a cire.

Tun da aka ɗaure layi da NIN daga Disamba 2020, layinka ya zama kai kanka. Kada ka yi wa kowa rajista da sunanka. An sa hannu kan dokar kare bayanai a Yuni 2023, akwai ma hukumarta, amma ba za ta bi ka kafe ba ranar cike fom. In ka gama, fita daga imel ɗinka a kwamfutar, ka tsaya a goge hoton takardunka kana kallo. Kwafin NIN da injin ya ɓata ma ka karɓi abinka ka yaga, don na taɓa sayen ƙosai an ƙunsa mini a cikin na wani, da hotonsa da ranar haihuwarsa.