Tukunyar Gas A Kan Hanyar Tursa

Wanda duk aikinsa ya haɗa shi da ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo ya san cewa ƙaramar mota iyakarta bakin kwalta. Da rani rairayi ne ke riƙe taya, da damina kuwa lakar fadama ce. Shi ya sa malamin jami'a irina, wanda bincikensa ke wajen manoman rani, ba shi da makawa sai jif mai jan ƙafa huɗu. Sabuwa ta fi ƙarfin albashinmu, don haka ta hannu muke nema. Ita ma ta hannun, tun da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, ciyar da ita ya fi sayenta wuya.

A cikin wannan hali wani dillali a Sakkwato ya nuna mini wata jif da aka kawo daga Abuja, an juya ta tana aiki da iskar gas ta CNG tare da fetur. Ya buɗe bayanta ya dafa wata doguwar tukunyar ƙarfe, ya ce, “Ranka shi daɗe, wagga ita ce ribar. Ka yi ban kwana da gidan mai.” Saboda tukunyar ya ɗora kuɗi masu kauri a kan farashin motar. Na ce masa na ji, amma ba zan biya ba sai ta kai ni Tursa ta dawo da ni, kuma bakanikena yana ciki. Ya amince, da sharaɗin mai da abincin yaronsa suna wuyana.

Muka ɗauki hanyar Rabah da sassafe. Garin yana bakin Gulbin Sakkwato, kuma a nan aka haifi Sardauna Ahmadu Bello.  A kan kwalta motar ba ta da abin zargi: injin na tafiya lafiya lau, ba hayaƙi, ba ƙara. Da muka sauka kan burji muka shiga rairayi, sai halinta ya fara fitowa. Injin da aka ƙera don fetur yakan rasa wani kaso na ƙarfinsa idan yana shan gas, kuma a cikin yashi ne direba ke neman wannan kason. Tukunyar ma nauyi gare ta. Ta danne bayan motar har gindinta na shafar ƙasa a kwazazzabai. Wurin da ta cinye kuwa shi ne mazaunin safayar taya da shebur da jarkar ruwa, kayan da ba a shiga daji sai da su.

A Tursa manoman da na je gani suka kewaye motar. Wani dattijo ya leƙa tukunyar, ya tambayi yadda ake cika ta, na yi masa bayani. Ya ce, “To Malam, in ta ƙare nan, wa ka sai da muku?” Yaron dillalin bai tanka ba. Gas ɗin ma bai kai mu gida ba. A kan hanyar dawowa fitilarsa ta kama, muka danna maɓalli muka koma fetur.

Amsar tambayar dattijon tana da nisa. Iskar da ke cikin wannan tukunya daban take da ta girki. Ana matse ta ne da ƙarfin da ya kai kusan ninki 200 na iskar da muke shaƙa, don haka sai tasha mai injin matsawa ke iya cika ta. Ba a zuba ta a galan, ’yan bumburutu ba su da ita. Bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni na 2020 don kawo gas Arewa, mai tsawon kilomita 614, daga Ajakuta ya taso, ya bi ta Abuja da Kaduna, ya tuƙe a Kano. Duk gas ɗin da zai iso ƙasar Sakkwato sai an ɗoro shi a bayan babbar mota, kuɗin dako kuma a kan mai saye zai ƙare.

Kashegari muka bi ta Achida, mai babbar kasuwar dabbobi, muka ratsa Wurno, ribaɗin da Muhammadu Bello ya zauna kuma aka binne shi a 1837, muka isa madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima. Ko'ina shinkafa ce da albasa da tafarnuwa, da motocin da ke jigilarsu. A duk tsawon hanyar ban ga wurin cika tukunya irin tamu ko ɗaya ba. Abin da na gani shi ne injinan ban ruwa da wasu manoma suka haɗa da tukunyar gas ta girki, domin ita ana iya ɗora ta a babur a kai ta gari a cika. Manomin ya riga gwamnati fahimtar cewa arhar makamashi ba ta da amfani sai in yana isa inda ake aiki.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Mutanen wannan yanki ba su manta da harin da ’yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 ba, inda aka kashe mutane da dama. A nan matafiyi da rana yake lissafi: ya fita da hantsi, ya tabbata la'asar ta same shi a kan kwalta. Motar da za ta kafe a rairayi don ƙarfinta ya ragu, ko ta tsaya don wayoyin da aka ƙara mata sun kwance da girgizar hanya, ta jefa rayukan da ke cikinta cikin haɗari.

Bakanikena, tsohon hannu ne, da muka dawo ya kwanta ƙarƙashin motar ya fi awa guda. Ya duba giyar ƙafa huɗu da sifirin, ya saurari kan injin, domin gas busasshe ne, yakan ci bawul da sauri. Sannan ya nemi lamba da shekarar ƙira da ake bugawa a wuyan tukunya, da takardar gwajinta, da ta wurin da aka yi juyin. Babu ko ɗaya. Wanda ya tuna motar da ta tarwatse a wata tashar gas a birnin Benin cikin Oktoba na 2024, wadda aka ce tukunyarta haɗin mai walda ce, ba zai raina waɗannan takardu ba. Ya ce, “Malam, motar lafiyayya ce. Tukunyar ce ban san asalinta ba.” A kan haka muka yi ciniki. Na sayi motar a farashin mai fetur, aka kwance tukunyar aka mayar wa dillali abinsa.

Ba na cikin masu kushe shirin gas da fadar shugaban ƙasa ta ɓullo da shi a 2023. Ga direban tasi a Abuja ko Legas, wanda ke wuce tasha sau biyar a yini, sauƙi ne na gaske. Amma mai saye a gabashin Sakkwato ya fara auna nisan da ke tsakanin gidansa da tasha mafi kusa kafin ya saurari lissafin dillali, kada ya biya kuɗin tukunyar da ba ta da takarda. Hukumomi kuma, in da gaske ana son talakan nan ya ɗanɗani sauƙin, to a kafa tashoshi a garuruwan kasuwa irin Achida da Goronyo, inda motocin albasa da shanu ke taruwa kowane mako, a kuma horar da makanikan da za su iya duba tukunya su ba da shaida.