Filin Tanis a Tsakar Gidanmu

Tsakar gidanmu da ke Ɗorayi a Kano bai fi taku goma sha biyu ba, daga bakin rijiya zuwa bangon bulo da ya raba mu da maƙwabta. Filin tanis na gaske kuwa tsawonsa ya kusa mita 24. Duk da haka, a hutun da ya wuce, mu uku 'yan ɗaki ɗaya muka yanke cewa a nan za mu yi atisaye irin na Novak Djokovic, ɗan ƙasar Sabiya da ya ci manyan kofunan Grand Slam har 24.

Abin da ya ba mu ƙwarin gwiwa shi ne, shi ma yana yaro ya sha dukan ƙwallo a jikin wani bango a tsaunin Kopaonik, inda iyayensa ke da gidan abinci. Muka ce to, bango ai muna da shi.

Muka haɗa kuɗi muka sayo raket guda na gwanjo da ƙwallaye uku a Ƙofar Wambai. Muka ja layi da gawayi a bangon, santimita 91 daga ƙasa, wato tsayin raga a tsakiyarta. Bango abokin wasa ne marar tausayi: ba ya gajiya, ba ya kuskure, kuma yakan maido ƙwallo kafin mu gama ɗaga hannu. A satin farko ba wanda ya jera duka goma. Turmi, igiyar shanya da kejin kaji duk sun shiga wasan, sau biyu kuma muna zura guga don ceto ƙwallo daga rijiya. A sati na uku autanmu ya kai 46 ba tare da ta kuɓuce masa ba, har da ɗan tsallen nan da ƙwararru ke yi kafin su tari ƙwallo.

Sai muka zaƙe. A bidiyo, Djokovic kan zame ya buɗe ƙafafu kamar zai tsage. Ba mu yi la'akari da shekarun da ya kwashe yana miƙa jijiyoyinsa ba, balle takalmin da ke ƙafarsa. Autan ya gwada da kambas ɗin makaranta a kan siminti mai danshin wanki, sai ga shi a ƙasa da targaɗe, ana saura kwana goma a koma makaranta, ga shi ajin ƙarshe zai shiga.

"Wa ya sa shi?" in ji Inna. Muka yi tsit.

Ta ƙwace raket ɗin ta jefa kan sif. Sai da ƙafar ta sace ta sauko mana da shi, bisa sharaɗin a fara da miƙe jiki, a share ƙasa ta bushe, kuma a tsaya da zarar an kira magariba. Layin gawayin yana nan, sai dai ruwan sama ya ci rabinsa. Autan, wanda ke zuwa makaranta da ɗan ɗingishi, ya ce ranar Asabar zai kai 50.