Hannun da Ke Juya Faifai

Ina ɗan shekara goma sha biyu Yayana ya fara zaunar da ni a rumfarsa ta tura waƙoƙi a bakin kasuwa. Jarinsa tsohuwar kwamfuta ce da lasifika ɗaya. Matasa su kawo memori, shi kuwa ya zaɓa musu, ya jera waƙa bayan waƙa har ya cika. Ranar Asabar kuma shi da abokansa uku su loda kaya a adaidaita-sahu su tafi kiɗan biki. Mahaifinmu bai taɓa kiran wannan aiki sana'a ba, shashanci yake ce masa. Ni ma da na shiga jami'a sai na riƙa ɓoye wa abokaina aikin Yayana, alhali da guminsa ake biya mini kuɗin rajista.

A ɗakin karatu kunyar ta fara sakina, ranar da na ci karo da tarihin unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. Ranar 11 ga Agusta, 1973, wata budurwa mai suna Cindy Campbell ta shirya casu a gini mai lamba 1520 a titin Sedgwick, domin ta tara kuɗin tufafin komawa makaranta. Yayanta Clive, haifaffen Jamaika, wanda duniya ta sani da DJ Kool Herc, shi ya juya faifai. Ya lura masu rawa sun fi zabura a gurbin da mawaƙi ya yi shiru, ganga ta rage ita kaɗai. Sai ya riƙa ɗora faifai biyu iri ɗaya, gurbin wannan na ƙarewa ya tayar da na wancan, har kiɗan 'yan daƙiƙu ya koma na mintuna. A wannan dare ake ɗora haihuwar hip-hop.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Herc yana da ƙungiyarsa ta Herculoids, Grandmaster Flash yana da Furious Five. Wani ya ɗauki lasifika, wani ya riƙe makirfo, wani ya tsare ƙofa, wutar ma wani lokaci daga turken fitilar titi ake jawo ta. Kafin 1979, shekarar da waƙar "Rapper's Delight" ta fito, kamfanoni da gidajen rediyo ba su waiwaye su ba. Kaset ne ya yi musu ƙafa: a naɗi wasan dare, a kwafa, a sayar hannu da hannu, direbobin tasi su kunna wa fasinja. Daga nan al'adar haɗaɗɗen kaset ta bunƙasa. A birnin Houston, DJ Screw ya riƙa rage saurin waƙoƙi, jama'a na layi a ƙofar gidansa don sayen kaset, har ya rasu a 2000. A 2007 kuwa 'yan sanda suka kama DJ Drama a Atlanta, suka kwashe dubban fayafayai, ko da yake kamfanonin waƙa da kansu sun daɗe suna tallata mawaƙansu ta irin wannan hanya. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Ba zan wanke Yayana tas ba. Ya kwafi waƙoƙin mutane ba tare da sisi ya isa hannunsu ba, kuma wannan haƙƙi ne. Amma da idona na ga yaran unguwa masu waƙar gambara suna kawo masa waƙarsu ta farko, suna roƙon ya cusa ta a tsakiyar jeri. In kunnensa ya amince, kafin mako ya zagayo ka ji ta a wayar 'yan acaɓa. Shi ne rediyonsu.

Yau rumfar ta koma ta sayar da caja, domin kowa yana sauke waƙa daga intanet. Ranar da na karɓi shaidar digirina, wurinsa na fara zuwa, na ba shi labarin Herc da ƙanwarsa. Ya daɗe yana juya takardar a hannunsa.

"To, ita yarinyar ta samu tufafin?" ya tambaye ni.

Na ce, "Ta samu, Yaya. Ni ma ga nawa."