Kribi: Abincin Manyan Otal-Otal Na Bakin Teku

A wannan wata za mu leƙa Kribi, garin da ke bakin teku a Jihar Kudu, kimanin kilomita 170 daga Duwala. Da yawanmu mun san sunansa ne saboda bututun man Cadi da ya iso can a 2003, da kuma babbar tashar jiragen ruwa da ta fara aiki a 2018. Amma tun kafin haka farin yashi da inuwar kwakwa suke jawo baƙi, shi ya sa manyan otal-otal suka jeru a gaɓar. Yanzu har 'yan kasuwarmu na Birketiri da New Bell suna kai iyalansu hutu can. To, shin abincin ya kai kuɗin da ake biya?

Na kwana uku a ɗaya daga cikinsu lokacin hutun makaranta, kuma ga abin da na gani. Duk abin da ya fito daga teku da safe ya hau gawayi da rana, babu kamarsa. Masunta Batanga kan sauke kifi a Mboa Manga, kukun otal mai hankali kuma can yake sammako. Gasasshen kifi da barkono da tafarnuwa, a haɗa da soyayyen agade ko bobolon rogo, ya isa mutum ya manta da gajiyar hanya. Haka ma jatan lande, wanda saboda yawansa a kogin Wuri Turawan Fotugal suka raɗa sunan da ya zama Kamaru a 1472.

Inda aka fi samun matsala shi ne abincin Turawa. Cuku da nama da aka yo odarsu daga nesa sun daɗe a firji, ga wutar lantarki mai zuwa tana komawa. Akwai kuma abin da suke kira bufe, wato a jera kwanuka kowa ya ɗiba da kansa. Ido zai ƙoshi, amma shinkafar ta bushe tun azahar. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai! Rabin kuɗin na farin ƙyallen tebur ne da iskar teku.

Ga Musulmi akwai ƙarin hattara. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne, amma girkin Faransa yakan sa giya a miyar kifi, kuma a kan waya ɗaya ake iya gasa alade. Kada ka ji kunyar tambayar kuku. Naman shanu kuwa mafi yawansa daga Adamawa yake gangarowa, sai dai a tambayi wanda ya yanka.

Shawarata ita ce, ka kwana a otal idan aljihu ya yarda, ka nemi kifin ranar kawai. Rana ɗaya kuma ka tafi magangarar ruwan Lobe, kilomita 7 kudu da gari, inda kogi ke zubowa cikin teku kai tsaye. Mata na soya jatan lande a gabanka, ka ci da hannu, ka biya kaɗan, ka koma gida da canjin kuɗin makarantar yara.

Allah ya sa mu dace, amin.