Abin da Ke Bayan "Lafiya Lau"

Mu Hausawan Hartum da Umdurman mun gaji gaisuwa iri biyu, ta kakanninmu da ta maƙwabtanmu Larabawa, kuma kowacce doguwa ce. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙarfin jiki. Amsar kuwa ɗaya ce tal: lafiya lau, alhamdu lillahi. Da ita muke amsawa ranar biki, da ita muke amsawa a zaman makoki. Da ita muka amsa wa 'yan'uwa ta waya ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, muna kwance a ƙarƙashin gadaje, harsasai na ratsa sararin unguwa.

A gidanmu akwai Baffa, wanda ya haura shekara talatin yana gasa agashe a Umdurman. Mutum ne mai fara'a da barkwanci, wanda in ya zauna a majalisa ba a son ya tashi. Da yaƙi ya tsananta muka kwashi yara da tsofaffi zuwa Gadarif, shi kuma ya tsaya gadin gida na wasu watanni kafin ya biyo mu. Bayan sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025, muka soma dawowa da kaɗan-kaɗan. Mun tarar an ɓalle ƙofofi, an zare wayoyin lantarki daga bango. Wannan duk mun gani da ido, mun kuma san abin da za mu yi masa. Halin da Baffa ke ciki kuwa mun daɗe ba mu lura da shi ba.

Ya daina barci. Tsakar dare sai mu same shi zaune a bakin ƙofa yana sauraren titi. In maƙwabci ya buga ƙofar ƙarfe, ko raksha ta yi ƙara, sai ya zabura, gumi ya keto masa. Ya koma yi wa jikoki tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ranar da muka haɗa masa kuɗi ya sayi nama da gawayi, ya hura wuta, hayaƙi ya tashi, sai ya ajiye mafici ya shige ɗaki. Muka bi shi da tambaya, ya ce, "Ba komai, hayaƙi ne ya shigar mini ido."

Kowa a gidan ya raɗa wa abin suna. Wasu suka ce hawan jini ne, aka sayo ƙwayoyi. Wasu suka ce tsufa. Goggo ta ce iska ce ta buge shi a hanya, ta nemo rubutun sha, wanda a nan ake kira mihaya, da bahra ta turare. Ba wanda ya yi ƙarfin halin cewa zuciyar Baffa ce ta ji rauni, domin a bakinmu maganar ciwon rai ba ta da zango sai hauka, hauka kuwa tabo ne da ke bin gida har ranar neman auren 'ya'yansa.

Ku duba yadda muke ambaton Tijani al-Mahi. In yaro ya cika rawar kai, sai a ce za a kai shi Tijani al-Mahi, a yi dariya, kamar yadda Kanawa ke tsokanar juna da Dawanau, Sakkwatawa da Kware. Kaɗan ne a cikinmu suka san mutumin da aka sa wa asibitin Umdurman sunansa. An haife shi a Kawa, a gaɓar Farin Nilu, a 1911. Ya yi karatun likita a Hartum, ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a Landan a 1949, ya dawo ya buɗe wurin duba masu wannan lalura a Bahri, na farko a ƙasar nan. Ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya rasu a 1970, kuma har yau ana kiransa uban wannan fanni a Afirka. Abin da ya kamata mu riƙe game da shi shi ne bai raina shehunai da malaman da jama'a ke kai musu marasa lafiya ba. Ya zauna da su, ya nemi a yi aiki tare, ya kuma yi nazarin zar, wanda wani reshensa a nan ke ɗauke da sunan bori, kalmar da ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Dakta Taha Ba'ashar, wanda asibitin Bahri ke ɗauke da sunansa, ya ɗora a kan wannan turba. Ashe tun kafin a haifi yawancinmu, masana a garin nan sun gane cewa allo da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

To me ya sa shiru ya fi mana sauƙi? An rene mu a kan cewa haƙuri maganin zaman duniya ne, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kakanninmu sun tako wannan ƙasa da ƙafa, wasu a hanyar hajji, wasu a ayarin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suna binne 'yan'uwansu a gefen hanya suna wucewa. Mu ma mun taso a inda akan tambaye mu asalinmu ko da kakan kakanmu a nan aka haife shi, sai muka koyi haɗiye magana don kada a ga lagonmu. Da rikicin jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan 'yan'uwanmu a Yuli da Oktoban 2022, mun fita tituna a Hartum mun nemi adalci, amma a cikin gida ba mu tambayi waɗanda suka tsira yadda suke kwana ba. Dauriya ta rufa mana asiri shekaru masu yawa. Sai dai mun manta cewa Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kukan rashin ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma a tarihin fiyayyen halitta akwai shekarar da ake kira ta baƙin ciki. Imaninsu bai ragu da komai ba.

Wanda ya buɗe bakin Baffa wani tsohon amininsa ne, tela, da ya zo shan jabana wata la'asar. Bai tambaye shi komai ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ni fa tun da muka dawo ban yi barcin kirki ba. Da na rufe ido sai in ga hanya." Baffa ya daɗe yana kallon finjalinsa. Daga nan ya ba da labarin yaron da ke taya shi aiki a wurin gashi, wanda harsashi ya same shi ya fita neman ruwa, da yadda ya binne shi da hannunsa a filin unguwa domin ba hanyar zuwa maƙabarta, gidaje na ci da wuta a kusa. Muna bayan labule muna ji. Kusan shekara biyu yana ɗauke da wannan shi kaɗai, muna ba shi maganin hawan jini.

Limamin unguwarmu ne ya lallashe shi ya ga likita, ya kuma raka shi da kansa. Likitar ta yi mana bayani a sauƙaƙe: wanda ya ga tashin hankali mai tsanani, jikinsa kan ci gaba da zaman ko-ta-kwana ko da hatsarin ya wuce, sai wari ko ƙara su mayar da shi ranar da abin ya faru. Ta ce in rashin barci, firgita, mugun mafarki da gudun mutane suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, lokacin neman taimako ya yi, kuma ana samun sauƙi ta hanyar zantawa da gwani, wani lokaci a haɗa da magani. Ba ta hana Goggo rubutunta ba. Baffa bai warke sarai ba tukuna. Amma yana samun barci, ya koma sahun asuba, kuma makon jiya ya tsaya kusa da wuta yana nuna wa jikansa yadda ake barbaɗa yaji.

'Yan'uwa, kusan kowane gida a unguwanninmu yana da nasa Baffan. Wani yaro ne da ya koma fitsarin kwance, wata uwa ce da ke dafa abinci a takiyya tana ciyar da layi guda alhali ita ba ta iya ci. Labarin zuciya a tambayi fuska. In ɗan'uwa ya ce lafiya lau, fuskarsa kuwa ta faɗi wani abu dabam, mu zauna, mu sake tambaya, ko mu soma faɗin namu kamar yadda telan nan ya yi. In muka ji wani yana cewa ya gaji da rayuwa, kada mu bar shi shi kaɗai, mu kai shi ga likita a ranar. Mu kuma rage wasa da sunan asibiti a gaban yara, domin wataƙila gobe ɗayanmu ne zai buƙaci shiga ƙofarsa.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya sanyaya zukatan waɗanda suka rage, Ya zaunar da Sudan lafiya.