Plasmar Ango

Kowa ya sani, kayan ɗaki na iyayen amarya ne, amma kayan kallo su na wuyan ango. To, wani saurayi mai gyaran waya a garin Gummi ya shekara guda cur ya na tara kuɗin talabijin, ga shi saura wata ɗaya biki. Abokan sa na majalisa kuwa tuni su ka yanke masa hukunci: sai plasma mai inci 55, wadda in an kafa ta a bango ƙawayen amarya za su fita su na ba da labari.

Ita kan ta kalmar "plasma" ɗin suna ne kawai ya rage. Kamfanonin Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera ta tun 2014. Abin da ke shaguna yanzu LED ce, wadda ba ta kai waccan zafi da shan wuta ba. Amma je ka faɗa wa 'yan majalisa haka, ka sha dariya.

Ranar da zai tafi Gusau sayayya, mahaifiyar sa ta tsare shi a zaure. Ita ba ta son tafiyar ma sam, don hanyar da ta bi ta Anka ba a shigar ta sai da addu'a. Da ta ga ya dage sai ta ce, "To in ka tai, ka sawo wadda ni ma za ni ga Sangaya cikin ta." Ya ce, "In Allah ya so, Inna." Ya tura fim ɗin a filashi, ya jefa aljihu.

Wannan filashin ne ya cece shi. A shago, mai kaya ya kunna masa ƙatuwar da ya ke mafarki, ga wasu kifaye su na iyo tar-tar kamar ka miƙa hannu ka kama. Saurayi ya ce a zare nasu a sa nasa. Ai kuwa sai ga Ali Nuhu da Fati Mohammed sun baje, fuska ta yi faɗi, hoto ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa man shanu. Mai shago ya ce laifin fim ɗin ne. Gaskiyar sa, amma rabi. Sangaya ya fito a 1999, Wasila a 2000, zamanin kaset ɗin bidiyo, kuma an ɗauke su ne don akwatin talabijin mai ƙusumbi, mai kusan murabba'i. Ko da aka koma faifan sidi, ɗigon hoton sa 352 ne a faɗi, alhali allon da ake kira 4K ɗigo 3,840 gare shi. Ka ga kenan dole ta ja hoton ta buɗe shi, duk wani aibu ya fito fili. Da ya shiga saiti ya maida shi 4:3, fuskoki su ka koma daidai, sai dai dishin ya na nan. A kan mai inci 32 da ke gefe kuwa, fim ɗin ya fito da mutuncin sa.

Sai maganar wuta. Ya juya bayan kowace ya karanta wat nawa ta ke ci, abin da masu saye ba su cika yi ba. Babbar ta ninka ƙaramar har da ɗoriya. Shi kuwa ɗan batirin sola gare shi, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareton gidan su ya zama na ado. Me za a yi da allon da zai mutu ana tsakiyar Labarina?

Mai shago ya koma tallar wadda ke hawa intanet, wai ga Izzar So kai-tsaye daga YouTube. Nan ma saurayin bai ruɗu ba. Bai manta watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara, aka yi makonni ba kira ba data. Daga Gummi har Bukkuyum, wanda ya yi kallo a kwanakin nan to mai fim a memori ne ko a faifai. Don haka abin da ya duba shi ne ramin filashi, da ramukan nan uku, ja da fari da rawaya, inda zai jona tsohuwar na'urar sidin Inna.

Mai inci 32 ya saya. Ragowar kuɗin ya ƙara batiri. Ya naɗe ta da bargo, ya riƙe ta a tsaye tsakanin ƙafafun sa tun daga Gusau har gida, kowane rami mota ta faɗa sai gaban sa ya faɗi.

'Yan majalisa sun yi masa tsiya, har da masu cewa ya sawo madubi. Daren da ya gwada ta, a ɗakin Inna ya fara kafawa. Aka sa Sangaya, ta gyara zama, ta kira maƙwabta biyu. Sai da fim ya ƙare ta dube shi ta ce, "Wagga ta zamna nan. Ka sawo ma amarya wata."