Zaman Jiran Takarda a Birnin Edmonton

Ina rubuto wannan daga birnin Edmonton, hedkwatar lardin Alberta a ƙasar Kanada, inda na sauka a watan Nuwamba na 1445, watau 2023, a gidan babban ɗana. Abokai da yawa, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati waɗanda 'ya'yansu ke wannan nahiya, sun aiko suna tambayata yadda ake samun takardar zama na dindindin. To, ni ma ban same ta ba tukuna. Labarin jiranta zan ba ku.

Farkon abin da garin ya karɓe daga hannuna shi ne gabas. Mu a gida gabas da alƙibla abu guda ne, har mukan ce wane ya dubi gabas. A nan kuwa mai salla arewa yake fuskanta, ya ɗan karkata dama. Sa'an nan lokaci. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe tara saura kwata, kafin huɗu da rabi kuma ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana korarsu. A watan Yuni yini yakan kai awa 17, haske kuma ba ya gama ɓacewa daga sararin sama har alfijir ya keto, sai masallatai su ƙaddara lokacin Lisha da lissafi. Sanyin hunturu yakan sauka ƙasa da sifiri da awo 30. Wanda ya san hunturun Jos kaɗai, bai san kome ba.

Amma garin ba baƙon Musulunci ba ne. A nan aka gina masallaci na farko a Kanada, Masallacin Al-Rashid, aka buɗe shi a 1938. Matan Larabawan Labanan ne suka tsaya wajen tara kuɗinsa, a ƙarƙashin wata baiwar Allah Hilwi Hamdun, maginin kuwa ɗan asalin Yukuren ne, shi ya sa ginin ya ɗauko kamannin majami'un ƙasarsu. Tun 1992 yana cikin wurin adana tarihi na Fort Edmonton. A ƙidayar 2021 Musulmin ƙasar sun kusa miliyan 1.8.

To, ga yadda al'amarin takarda yake. A lokacin da muka nema, ɗa mai zaman dindindin yana iya neman a bar iyayensa su zauna tare da shi, amma ba da zuwa ake samu ba, da ƙuri'a ne. Ɗana ya rubuta sunansa a 2020, ƙuri'a ba ta faɗo masa ba sai 2023. Ya nuna shaidar abin da ya samu cikin shekara 3, ya kuma sa hannu a kan alkawarin ɗaukar nauyina da na mahaifiyarsa har shekara 20. Na yi murmushi da ganin abin da addini ya ɗora wa ɗa tun asali an mai da shi yarjejeniya mai wa'adi. Kafin a gama bincike muna zaune da bizar iyaye, wadda ke ba mutum damar zama har shekara 5 a shiga ɗaya, bisa sharaɗin ya sayi inshorar lafiya ta aƙalla dala 100,000 ta Kanada, kuma kada ya yi aikin albashi.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi cin raina. Shekara 28 ina karantarwa, zaurena ba ya rabuwa da almajirai da masu neman fatawa. Yau da hantsi yara sun tafi aiki, jikoki suna makaranta, ni da uwargida muna kallon ƙanƙara ta taga. Maƙwabcina mutumin kirki ne, yakan share mana ƙofar gida in ƙanƙara ta zuba, amma har yau ban ga cikin ɗakinsa ba, shi ma bai ga nawa ba.

Ana neman shaidar 'yan sanda daga kowace ƙasa da mutum ya yi wata 6 a jere cikinta tun yana shekara 18. Ni kuwa na yi karatu shekara 4 a Khartum, ga shi tun Afrilun 2023 yaƙi ya ci birnin. Wa zan aika, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? Watanni muka yi muna rubuta bayani. Kafin wannan ta warware, gwajin likita, wanda ba ya wuce wata 12, ya mutu, aka sake ɗibar jini da hoton ƙirji.

Akwai kuma abin da ya wajaba in faɗa wa 'yan'uwa tun kafin su ɗaura niyya. Takardar gurbin mace ɗaya gare ta, domin dokar ƙasar ta haramta auren fiye da ɗaya, ba ta kuma san kowa ba sai uwargida. Na san wani attajiri mai mata biyu da ya iso wannan gaɓa, ya kwana uku yana juya alƙalami, daga bisani ya ce ba zai sayi takarda da haƙƙin amaryarsa da 'ya'yanta ba, ya koma gida. A ganina ya yi daidai. Wanda kuma ya ɓoye aure ya rubuta ƙarya, ya haɗa wa kansa zunubi da hatsarin kora.

Cikin wannan zama na koma ga abin da muka karanta tun muna yara. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri ya daina ƙasaru. Ke nan tun ranar saukata ni mazauni ne a shari'a, ko da hukuma tana kirana baƙo. Amma malamanmu sun bambanta mazauni da wanda ya mai da wuri gida, watau mai niyyar zama har abada. Juma'a ta wajaba a kan mazauni, sai dai ba a lissafa shi cikin mutum 12 da take ƙulluwa da su. Waɗannan sai 'yan gari.

Wata Juma'a na kawo wannan mas'ala ga samarinmu na Nijeriya da Nijar bayan salla. Wani ɗan Damagaram, direban babbar mota, ya ce, "To, Malam, ranar da takardarka ta fito, sai mu fara lissafawa da kai?"

Na ce masa ba takarda ke sa wannan hukunci ba, niyya ce. Ya ce, "To, mene ne niyyar Malam?" Na tuna littattafaina da na bari cikin akwatuna a zaure, ban ba kowa ba, na kuma tuna maƙabartar da mahaifina yake. Na ce ya bari sai wani mako. Yau mako bakwai ke nan, duk Juma'a kuwa sai ya tuna mini.